Neman shawara: zuwa Jaisalmer da iyali a tsakiyar damina, dabara ce ko wahalar banza?

Baban Nana:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san yankin Rajasthan. Na kammala karatuna a nan kusa da Delhi, takardar sakamako kawai nake jira, kuma bizata za ta ƙare a ƙarshen Satumba. Tun zuwana Indiya nake da burin ganin Jaisalmer, garin nan mai ganuwar dutse da ke cikin hamadar Thar, amma kullum in karatu bai hana ba aljihu ya hana. Yanzu ga lokaci, ga ɗan abin da na tara, sai dai kuma watan Agusta za mu shiga. Abokan karatuna 'yan ƙasar duk bakinsu ɗaya: wai ba yanzu ake zuwa ba, in bari sai Nuwamba. To ni Nuwamba ina gida in Allah ya yarda.

Da maiɗakina zan tafi, da 'yarmu mai shekara 3. Abin da nake son sani shi ne, zafin wurin a wannan lokaci yaro zai iya ɗauka? Ruwan sama yana tare hanya? Tantunan nan na cikin rairayi da ake kwana suna aiki kuwa? Sannan na ga otal-otal masu arha a cikin ganuwar kanta, ina kwaɗayin mu sauka a can. Sai batun abinci da wurin sallah. Duk wanda ya taɓa zuwa, musamman da damina, don Allah ya taimaka.

Bakatsine a Jodhpur:

Wa alaikumus salam Baban Nana. Barka da kammalawa, Allah ya sa albarka. Ni a Jodhpur nake karatu, tsakaninmu da Jaisalmer bai kai kilomita 300 ba, kuma na je a cikin damina. Ka je abinka.

Abokanka da ke cewa damina, daminar Delhi ko ta Mumbai suke gani a ransu. Can ba haka abin yake ba. Ruwan da Jaisalmer ke samu a shekara guda bai wuce milimita 200 da ɗoriya ba, kusan kashi ɗaya bisa huɗu na abin da Kano ke samu. Dalili kuwa, iskar da ke ɗauko ruwa daga teku tana bin gefen tsaunukan Aravalli ne ta wuce, babu abin da zai tare ta ya sa ta zubar. Sai ka yi mako guda a garin hadari yana haɗuwa yana watsewa, ko ɗigo bai sauka ba. Ran da ya ga dama kuma ya zubo na wata guda cikin awa biyu.

Zafi kam akwai shi, kar in ruɗe ka. Amma mai kisan ya wuce, na Mayu da Yuni ke nan, lokacin da ake haura digiri 42. A Agusta yawanci 35 zuwa 38 ne da rana. Abin da zai dame ka shi ne gumi, don iskar tana ɗauke da laima, ba busasshen zafin nan da muka saba da shi a bazara ba. Maganinsa ka raba yininka biyu. Ku fita bayan sallar asuba, ku dawo ɗaki kafin ƙarfe 11, ku kwanta har la'asar, sannan ku sake fita. Mutanen garin ma haka suke yi, da tsakar rana shanu kawai za ka gani a lungu. Kuma kar ka yi tsimin kuɗi a kan ɗaki mai na'urar sanyaya wuri. Ka tambaye su ko suna da janareto, don da iska ta taso ake ɗauke wuta.

Ribar da za ka ci kuwa, garin zai zama kamar naka. Daga Oktoba zuwa Maris ne baƙi ke cika shi, a Disamba ko wurin tsayawa ɗaukar hoto sai ka yi layi. Yanzu masu otal su ne ke roƙonka.

Hajiya Mai Atamfa:

Ɗana, ni dai ba zan ce kar ka je ba, amma ka dubi yarinyar nan. Jirgin ƙasa daga Delhi zuwa Jaisalmer awa 18 ne ko kusa da haka, in bai yi latti ba, kuma da damina sai ka yi sa'a. Ni da nake bin hanyar Jaipur da Jodhpur saro kaya na san abin da nake faɗa. In ka nace, to ka raba tafiyar. Ku hau na dare daga Delhi ku wayi gari a Jodhpur, ku huta kwana ɗaya, ku ga tasu ganuwar ta Mehrangarh, kashegari ku ƙarasa, awa 5 zuwa 6 ne ya rage. Ka sayi tikitin 3AC, wato tarago mai na'urar sanyi da gadon kwana, kar arha ta ja ka zuwa taragon da babu sanyi.

Abu na biyu, wanda babu mai gaya maka sai ka faɗa ciki. A kan wannan layin, kusa da Pokhran, akwai wani gari Ramdevra. Daga wajen ƙarshen Agusta zuwa cikin Satumba suke babban taronsu na ziyarar wani waliyyinsu, mutane dubban ɗaruruwa. Jirage sukan cika maƙil, titi kuma za ka ga masu tafiya a ƙasa ɗauke da tutoci, ayari bayan ayari, mota sai ta riƙa rarrafe. Ranar takan canza kowace shekara don da watansu suke lissafi, saboda haka ka bincika kafin ka yanki tikiti. Ka kuma kauce wa hutun 15 ga Agusta, ranar samun 'yancinsu, don 'yan Delhi da Gujarat kan kwararo, farashin ɗaki ya tashi na 'yan kwanaki. Farkon wata ya fi maka.

Baban Nana:

Na gode Hajiya, Allah ya ƙara girma. Wallahi ban san da zancen Ramdevra ba. To jirgin sama fa?

Hajiya Mai Atamfa:

Filin jirginsu a cikin sansanin sojan sama yake, kuma jiragen fasinja sun fi zuwa da sanyi. Kar ka dogara da shi yanzu. In kana da hali ka sauka a Jodhpur ka ɗauki mota.

Injiniya Badamagare:

Salamu alaikum. Malam Baban Nana, ni kan maganar kwana cikin ganuwa zan tsaya, don aikin gini na karanta kuma wannan wuri yana cikin abin da aka koyar da mu a kansa.

Wani sarki mai suna Rawal Jaisal ne ya kafa ganuwar a 1156, a bisa wani tudu da ake kira Trikuta. Tana da hasumiyoyin tsaro 99 a kewaye, duk da dutse mai ruwan ɗorawa na yankin. Abin da ya bambanta ta da sauran shi ne har gobe mutane na zaune a ciki, dubbai, da gidajensu da shagunansu da wuraren ibadarsu. A 2013 UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya tare da wasu ganuwoyi biyar na Rajasthan, a shekarar da aka sa tsohon garin Agadez. Tarihinsu ma ya yi kama, dukansu ayarin raƙuma ne ya gina su. Ita Jaisalmer fataken da ke ratsawa zuwa Sindh da ƙasashen yamma da ita ne suka azurta ta, da tashar jiragen ruwan Bombay ta bunƙasa ciniki ya koma teku, sai raba ƙasa tsakanin Indiya da Pakistan na 1947 ya zo ya rufe hanyar gaba ɗaya.

To ga inda matsalar take. Maginan farko sun yi gininsu ne don ƙasar da babu ruwa. Da yawan duwatsun jera su aka yi aka sarƙe, ba a sa laka ko siminti a tsakani ba. A da, ruwan da ke shiga ganuwar shi ne wanda mata suka ɗauko a ka daga tafki, tulu ɗaya ko biyu a gida, a yi wanka da shi a ba dabba sauran. Yau an ja famfo. Otal-otal da gidajen abinci sun cika ciki, kowane ɗaki da shawa da masai na zamani. Ruwan da ke shiga ya ninka na da sau da yawa, magudanan kuma ba su iya kwashe shi, sai ya riƙa tsatsafowa cikin tudun. Shi kuwa tudun akwai yumɓu a jikinsa, in ya sha ruwa sai ya yi laushi ya motsa. A shekarun 1990 wani sashe na fadar sarauniya ya rufta, wasu hasumiyoyin ma sun zube, har aka sa ganuwar cikin jerin wuraren tarihi da ke cikin haɗari. A Agustan 2024 ma wani ɓangaren bango ya faɗo bayan ruwa mai ƙarfi. Mu mutanen Damagaram ba sai an ba mu labari ba, a Satumbar 2024 ɗin tsohon masallacinmu na Birni ya rushe da ruwa, muna ji muna gani.

Ba ina cewa ɗaki zai faɗo muku ba ne. Amma da damina, da ƙaramar yarinya, ban ga dalilin kwana a can ba. Ka sauka a ƙasan gari, ka nemi otal mai soro a sama da ke fuskantar ganuwar. Wanda ke ciki ai ba ya ganinta. Kai da ke waje kai ne za ka ga yadda dutsen ke canza launi in rana ta yi yamma, balle in an yi yayyafi ya wanke masa ƙura ga baƙin hadari a bayansa. Masu zuwa da sanyi ba sa samun wannan.

Ɗan Borno:

Injiniya, da girmamawa, ban yarda da kai duka ba. Ni a ciki na kwana, kuma mai gidan da na sauka an haifi kakansa a wannan gidan. Ya ce min kiran da ake yi wa baƙi su daina kwana a ciki su yake kashewa, masu manyan otal na waje kuma su ci riba. A ganinsa gyaran magudana aikin hukuma ne, ba a ce talaka ya rufe sana'arsa ba. Kuma dare a cikin ganuwar wani abu ne daban, bayan 'yan yawon rana sun watse, yara na wasa a dandali, tsofaffi na hira a dakali.

Injiniya Badamagare:

Maganarsa tana da kama, Ɗan Borno, ban musa ba. Sai dai tudun bai san wanda ke da gaskiya ba, ruwa kawai yake sha. Baban Nana zai iya hawa da yamma ya ci abinci a can, ya yi sayayya a hannunsu, ya zauna har bayan isha'i, sannan ya sauko. Sun samu, shi ma ya samu.

Ɗan Borno:

To wannan kam na yarda. Amma in ƙara masa wani dalili da ya fi naka kusa: mota ba ta shiga. A dandalin Gopa Chowk ake sauke ka, daga nan hawa ne ta ƙofofi huɗu a jere, hanyar tana lanƙwasa. Adaidaita sahu na iya kai ka dandalin sama, daga can kuma sai ƙafa cikin lunguna. Duwatsun hanyar sun sha tafiya shekara ɗaruruwa har sun yi sulɓi, in ruwa ya taɓa su ga kashin shanu, sai ka ga babban mutum ya zame. Ka ce wa madam ta bar takalmi mai tsini a Delhi.

Maman Sadiq:

Baban Nana, ni ta ɓangaren uwargida zan yi magana, don ku maza in kun tashi tsara tafiya ganuwa kawai kuke gani, ba ku tunanin me yaro zai ci.

Abincin garin yawanci babu nama, musamman a cikin ganuwa da kewayenta. Kuma wannan lokaci ya kan faɗo cikin watansu na Sawan, wanda Hindu da yawa ke barin cin nama, har wasu gidajen abinci su daina dafawa. In kun ga an rubuta laal maas, naman akuya ne ko rago da jan barkono, amma ka tambaya ƙarara ko halal ne, don 'yan ƙabilar Rajput sara ɗaya suke yi wa dabba, ba yanka ba. Musulmi suna da yawa a yankin, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen gundumar, saboda haka akwai masallatai a ƙasan gari, kuma a kusa da su za ka samu masu sayar da naman yanka. Ka tambayi direban adaidaita, zai kai ka.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne gero. Mutanen nan gero suke ci kamar mu. Suna yin gurasarsa mai kauri a gasa a kan wuta, a shafa man shanu, a ba ka da mazarƙwaila. Suna kuma dama shi da tsala su yi wani abu da suke kira raab, ɗana da ya ƙi duk wani abincin Indiya wannan ya shanye kwano. Nana ba za ta yi yunwa ba. Akwai ker sangri, wasu 'ya'yan itacen daji da ake busarwa a soya da yaji, ku manya ku ɗanɗana, amma ya yi wa yaro yaji. Dal baati, wato gasasshen curin alkama da miyar wake, shi ma yana da daɗi sai dai nauyi, kar ku ci da rana.

Gargaɗi ɗaya. Kusa da ƙofar ganuwa akwai shagon da hukuma ta ba lasisin sayar da bhang, wato ganyen wiwi da ake niƙawa a zuba cikin nono ko alawa. In wani ya ce muku ga lassi na musamman, ku ce a'a. Wanda ake sha lafiya shi ne makhaniya lassi, kindirmo ne mai kauri da sukari.

Sannan ka shirya wa kallo. A Delhi an saba ganin baƙar fata, can kuwa ba sosai ba, kuma yanzu da babu baƙi ku kaɗai ne abin kallo. Za a yi ta roƙonku hoto, mata za su so taɓa kitson Nana. Yawanci ba da mugunta ba ne, amma yana gajiyarwa. Ni da na gaji sai in ɗaga hannu in ce nahi, wato a'a, in wuce abina.

Nas daga Gurgaon:

In ɗora a kan ta Maman Sadiq. Ni aikin jinya nake. Mutane na ɗauka babu sauro a hamada, alhali yankin Jaisalmer da Pokhran an san shi da zazzaɓin cizon sauro bayan ruwa, tun ma ba da aka jawo ruwan kanal ɗin Indira Gandhi daga Punjab ya ratsa hamadar ba. Ga kuma dengue a waɗannan watanni. Ku tafi da maganin shafawa na sauro, ku sa wa yarinya kaya masu dogon hannu da yamma. Ruwan gora kawai za ku sha, ka duba murfin da kanka. Ka sayi ƙullin gishiri da sukari na ORS a kemis kafin ku tashi. In zazzaɓi ya kama ɗayanku, ko bayan kun dawo ne, a yi gwajin jini, kar a ce gajiyar hanya ce. Kuma ka sani babban asibiti sai Jodhpur.

Na biyu, da damina macizai da kunamu ke fitowa. Akwai wata ƙaramar macijiya a can, dangin kububuwarmu ce, mai shiga cikin yashi da gindin ciyawa. Kar kowa ya taka rairayi ba takalmi bayan magariba, kuma a zazzage takalmi kafin a sa.

Maman Sadiq:

Nas, kin sa ni tsoro a baya-baya, mu da muka yi ta gudu a yashi ba takalmi!

Bakatsine a Jodhpur:

Bari in amsa maganar tantuna tunda babu wanda ya taɓa ta. Tudun rairayin da kowa ke zuwa shi ne Sam, kamar kilomita 40 yamma da gari. Da yawan masu tantunan sukan naɗe kayansu tun zafi ya kama, sai wajen Satumba ko Oktoba su sake kafawa, saboda iskar wannan lokaci tana yaga tanti. Kaɗan da ke buɗe za ka tarar ma'aikata biyu ne ko uku, makaɗan ma wataƙila sai an kira su. Hotunan da ka gani a intanet na Disamba ne. Ni ban ba ka shawarar kwana ba, balle da yaro. Ka ɗauki mota bayan la'asar, ku je ku hau raƙumi na ɗan lokaci, ku ga faɗuwar rana in hadari ya bari, ku dawo gari ku kwana. In kana son inda ya fi natsuwa ka ce a kai ku Khuri, ƙauye ne a kudu, rairayinsa bai sha tayar mota kamar na Sam ba.

Gaskiya ma, mu da muka fito daga bakin Sahara, rairayin Thar ba zai girgiza mu ba. 'Yan tuddai ne a tsakiyar daji mai ƙaya. Abin kallon a wannan lokaci shi ne hanyar. In an yi ruwa sau biyu sai ka ga ƙasa ta yi kore shar, ciyawar da suke kira sewan ta fito, garken tumaki da raƙuma ko'ina, manoma na shuka gero a wurin da ka rantse ba abin da zai tsiro. Ɗawisu kuwa har kan katangar gidaje, kuma lokacin rawarsu ke nan. Nana za ta fi jin daɗin wannan a kan raƙumin. A nan ne kuma gandun dajin hamada yake, inda ragowar babban tujen Indiya ke rayuwa, sun kusa ƙarewa a duniya, amma ganinsu sai an yi sa'a kuma sai da izini.

A hanyar dawowa ko tafiya akwai Kuldhara, ƙauyen da mutanensa suka watse suka bar shi tun farkon ƙarni na 19. Masu rakiya za su cika ka da labarin aljanu. Kangaye ne kawai, minti 30 ya isa.

Ka kiyayi 'yan kamasho na tashar jirgi. Za su ce ga ɗaki kusan kyauta, kana sauke jaka su fara matsa maka sai ka sayi tafiyar raƙumi a hannunsu da tsada, in ka ƙi fuska ta canza. Yanzu da kasuwa ta mutu sun fi naci. Ka kama ɗakinka tun daga Delhi.

Lauya:

Baban Nana, kowa ya yi maganar daɗi, bari in yi ta takarda. Jaisalmer gundumar kan iyaka ce da Pakistan, soja ko'ina. Ku riƙe fasfo da biza da takardar rajistarku ta FRRO, wato ofishin rajistar baƙi, a jiki, na ainihi, ba hoto a waya ba. Kowane otal dole ya cika wa baƙo ɗan ƙasar waje takardar da ake kira Form C, kuma ba kowane ƙaramin masauki ke da rajistar yin hakan ba. Ka kira su kafin ka biya, ka ce ku 'yan Najeriya ne, ka ji amsarsu da kunnenka. Ya fi a ce kun isa da dare da yarinya a kafaɗa a ce babu ɗaki.

Direbobi za su yi maka tallan Tanot da Longewala, inda Indiya da Pakistan suka gwabza yaƙin 1971. 'Yan ƙasa na zuwa, amma baƙo ba ya shiga wannan yanki sai da izini na musamman. Kar ka yarda da direban da zai ce ba komai, shi ba abin da zai same shi, kai ne bizarka ke gab da ƙarewa. Cikin gari da Sam da Kuldhara da Bada Bagh, inda gine-ginen tunawa da sarakunansu suke, ba matsala. Kar ka ɗauki hoton soja ko motocinsu ko sansani, kar ka tashi jirgin ɗaukar hoto mara matuƙi. Ka kuma saurari labarai kafin ku tashi, don a Mayun 2025 da rikici ya tashi tsakanin ƙasashen biyu an yi ta kashe wutar garin da dare.

Baban Nana:

Kai, jama'a, Allah ya saka da alheri. Na fasa kwanan ganuwa, na fasa na tanti. To in haka ne, me zan cika kwanakin da shi a cikin gari? Kar mu je mu ƙare a ɗakin otal muna kallon fanka.

Injiniya Badamagare:

Ba za ku rasa ba. Safiya ɗaya ta ganuwa ce: fadar sarki da aka mayar gidan tarihi, sai wuraren ibadar mabiya addinin Jain guda bakwai da ke manne da juna. Da safe ake barin baƙi su shiga, a cire takalmi da bel da duk abin fata a ƙofa. In zuciyarku ba ta kwanta da shiga ba, sassaƙar da ke waje ma ta isa kallo. Ka hau kan bango wajen da igwa take, za ka ga manyan duwatsu mulmulallu a jere, waɗanda aka tanada don mirgino wa maƙiya.

Safiya ta biyu ka ba gidajen attajirai na ƙasan gari, ni a wurina sun fi fadar ma. Patwon ki Haveli gidaje biyar ne a jere, wani ɗan kasuwa ya fara ginawa 'ya'yansa a 1805. Ka tsaya a lungun ka ɗaga kai: tagogi da barandu ne hawa bisa hawa, an huda dutse an yi masa ƙananan ramuka kamar saƙar hula, iska na shiga rana ba ta shiga. Ka sa hannu a bangon ciki da tsakar rana ka ji sanyinsa. Nathmal ki Haveli kuma wasu magina biyu Musulmi, wa da ƙane, suka sassaƙa fuskarsa, ɗaya ya ɗauki dama ɗaya hagu. Daga nesa iri ɗaya ne, in ka matso sai ka fara ganin inda kowa ya bi son ransa. Ku tsaya kai da madam ku yi gasar gano bambancin.

Maman Sadiq:

Yamma kuma ku je tafkin Gadisar. Wani sarkinsu ne ya gina shi a ƙarni na 14 don tara ruwan sama, shi garin ya sha shekaru aru-aru. Da damina ne yake da ruwa sosai, ana shiga kwalekwale. Ku sayi burodi a bakin ƙofa, Nana ta jefa wa tarwaɗa, za su taso da yawa har suna hawa kan juna, manya-manya, babu mai kama su. Mijina sai haɗiyar yawu yake yana lissafin farfesu. Ka riƙe hannunta dai, matakalar tana da gansakuka. A nan ma za ku iya tarar da makaɗan Manganiyar, Musulmi ne, da wata gogensu mai faɗin ciki. In sun ji daga inda kuka zo za su yi muku sallama da murna, a ba su ɗan abin hasafi.

Hajiya Mai Atamfa:

Ka bar kwana ɗaya a banza cikin lissafinka, ɗana, kar ka ɗaure dawowarka da ranar wani abu mai muhimmanci. Ƙasar can ba ta shan ruwa da sauri, in aka yi babba sai ya kwanta a kan titi da layin dogo. A 2006 maƙwabciyarsu Barmer ambaliya ta ci ƙauyuka, a tsakiyar hamada. Ba kullum ba ne, amma kai da ke da jirgin gida a gaba ba ka da wurin wasa. Ka kuma riƙe tsabar kuɗi, don ba ko'ina katin waje ke aiki ba. In madam na son mayafai masu ɗaurin rini ko zannuwan gado masu madubi, yanzu ne lokacin ciniki, duk abin da suka faɗa ta fara daga rabi.

Baban Nana:

Na gode ƙwarai Hajiya, na gode kowa da kowa. Ga yadda na tsara: makon farko na Agusta, jirgin dare zuwa Jodhpur, mu kwana, sannan mu ƙarasa. Masauki a ƙasan gari, zan kira su gobe kan maganar Form C da janareto. Bakatsine, in ba damuwa zan neme ka ta akwatin sirri, ko za ka taimaka mana da wurin sauka a Jodhpur.

Bakatsine a Jodhpur:

Ba damuwa Yaya, turo min ranar da lambar jirgin, zan zo tasha in tare ku. Ka yanki tikitin dawowa tun yau tare da na tafiya, kujerun 3AC na layin nan ba sa jira.